Kimiyya a Sauƙaƙe: Igiyar da ke ɗaure kaya a ƙofar ƙwayar halitta

 A wannan makon gaisuwarmu ta musamman ga ɗaliban makarantun sakandare na Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, domin misalan darasinmu na yau duk a gonakinku da kasuwanninku suke.

A darasin Bayoloji an koya mana cewa jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani. Yawu da majina da nono da sinadarin insulin duk suna ɗauke da furotin da aka ƙera a cikin ƙwaya. To ta yaya furotin ke fita waje ba tare da tantanin ya yage ba? Kuma wa ke nuna masa ƙofar da zai bi?

Mu ɗauki ƙwayar halitta kamar gari ranar kasuwa. Bayan an ƙera furotin, sai a kai shi wani sashe mai suna Golgi, inda ake tantance shi a zuba a cikin 'yan jakunkuna, kamar yadda ake ɗura hatsi a buhu. A ƙwayar yis, faɗin jaka ɗaya bai wuce nanomita 100 ba, wato sai an jera 10,000 kafin su cika milimita ɗaya. Daga nan wasu furotin masu aikin dako su ja jakar a kan siraran zaruruwa har bakin tantani. Idan ta isa, fatar jakar ta haɗe da tantanin, kayan ciki su zube waje. Wannan shi ake kira eksosaitosis.

Sai dai isowa bakin tantani bai wadatar ba. Jakar tana yawo ne a cikin ruwa, kuma ba kowane gefen ƙwaya ake son kayan su fita ba. A nan ne eksosist ke shigowa. Gungu ne na furotin guda takwas: Sec3, Sec5, Sec6, Sec8, Sec10, Sec15, Exo70 da Exo84. Sec15 yana kama wata alama da ke jikin jakar, Sec3 da Exo70 kuma suna riƙe tantanin a daidai wurin da aka zaɓa. Kamar dai akuya ce aka kawo kasuwa: sai an ɗaure ta a turke kafin a fara ciniki. Da jakar ta ɗauru, sai wasu furotin da ake kira SNARE su sarƙe da juna kamar zif ɗin riga, su haɗe fatun biyu.

Abin sha'awa, a jikin yis aka gano duk wannan, irin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da burodi da shi. A shekarun 1979 da 1980, Randy Schekman da ɗalibinsa Peter Novick, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, suka ware ƙwayoyin yis masu tawaya. A zafin digiri 25 suna aiki lafiya, amma da an kai su digiri 37 sai fitar da kaya ya tsaya. Da aka duba wasunsu da madubin kimiyya, sai aka ga jakunkuna sun taru jibgi a ciki, sun kasa fita. Ta haka suka gano ƙwayoyin gado 23 masu kula da wannan aiki. A 1996, ɗakin binciken Novick a Jami'ar Yale ya nuna cewa shida daga cikinsu, haɗe da Exo70, dunƙule suke wuri guda, aka raɗa wa gungun suna eksosist. Na takwas ɗin, Exo84, an tabbatar da shi a 1999. A 2013 Schekman da James Rothman da Thomas Südhof suka karɓi kyautar Nobel saboda bayyana yadda jakunkunan ƙwaya ke safarar kaya.

Mai tuyar fanke a bakin tashar Gwarzo tana cin moriyar wannan kullum. Kafin yis ya amfana da sukarin da ta zuba a kwaɓi, yakan fitar da wani furotin mai suna imbatas, wanda ke raba sukarin gida biyu a wajen ƙwaya. Ta cikin jakunkunan nan yake fita, kuma yana cikin furotin ɗin da Novick da Schekman suka riƙa aunawa. A kula da wani bambanci saboda jarrabawa: iskar da ke kumbura kwaɓin ba ta buƙatar jaka, ratsa tantani take yi kai tsaye domin ƙanƙantarta. Manyan kaya irin furotin su ne ke buƙatar jaka.

Yanzu mu leƙa gona. Idan masara ta yi goyo, kowane zare na gemunta yana haɗe da gurbin ƙwaya ɗaya a jikin totuwa. Garin fure yakan faɗo daga saman kara ya sauka a kan zaren, sannan ya tsiro da wani siririn bututu wanda zai bi cikin zaren har gindinsa, tafiyar da kan kai santimita 20 ko fiye. Bututun daga bakinsa kawai yake tsawo, don haka dole a riƙa sauke kayan gini a tsinin bakin. Binciken da aka yi a tsirrai ya nuna cewa idan eksosist ya samu tawaya, bututun kan gaza yin tsawo. Haka ma gashin saiwa, wanda ke tsotso ruwa da taki daga ƙasa. A 2005, masu bincike ƙarƙashin Patrick Schnable a Jami'ar Jihar Iowa suka nazarci wata masara da gashin saiwarta ba ya tsawo, suka gano cewa ƙwayar gadon da ta lalace a jikinta ita ce mai ƙera Sec3. Furotin ɗin da ke cikin yis, shi ne a masarar da ake nomawa da damina a Kabo, da wadda ake ban ruwa a gefen madatsar Guzu-Guzu. Amma idan muka ɓare masara muka ga giɓi, yawanci fari ne ko zafi ko ƙarancin garin fure ya jawo, eksosist ɗinta lafiya lau yake.

A jikinmu ma haka ne. Bayan mun ci tuwo, sukari yakan ƙaru a jini, jiki ya saki insulin. Insulin yana umartar ƙwayoyin tsoka da na kitse su fito da wasu ƙofofin shigar sukari masu suna GLUT4, waɗanda ke ajiye a jakunkuna, su dasa su a tantani. A 2003, ɗakin binciken Alan Saltiel a Jami'ar Michigan ya nuna cewa Exo70 yana da hannu wajen kai waɗannan ƙofofi inda ya dace. A nau'in ciwon sukari da ya fi yawa a tsakanin manya, ƙwayoyin ba sa amsa kiran insulin yadda ya kamata, ƙofofin ba sa fitowa da yawa, sai sukari ya taru a jini. Dalilan cutar suna da yawa, amma fahimtar wannan safara tana cikin hanyoyin da masana ke bi wajen neman magani. Wannan ma darasi ne ga mai shuka da kaya: eksosaitosis yana fitar da abu waje, yana kuma ƙara wa tantanin kansa sababbin sassa.

Ga aikin gida guda biyu. Na farko, ku samu kwalabe biyu, ku zuba ruwa mai ɗumi da ƙaramin cokali na yis a kowace. Ku sa sukari a ɗaya kawai, ku rufe bakunansu da balan-balan, ku duba bayan awa ɗaya. Na biyu, ku naɗe ƙwayar masara biyar a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a inuwa kwana huɗu, kuna yayyafa ruwa. Farin gashin da za ku gani a jikin saiwar, kowane ɗaya ƙwayar halitta ce guda da ta miƙe ta gefe ɗaya tak. Ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa malamin Bayoloji ku tattauna.

Masu sha'awar zurfafa wannan ilimi, fannoninsa su ne Bayokemistiri da nazarin ƙananan halittu, kuma ana koyar da su a Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo. Hanyar shiga ita ce kyakkyawan sakamako a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da Lissafi da Turanci, don haka a dage tun daga aji huɗu.

Tambayar mako: me zai faru da ƙwayar da ke ta ƙera jakunkuna amma eksosist ɗinta ya daina aiki? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu.