Kujerar Alwala Kafin Shadda

Duk lokacin da Sallah ta matso, 'ya'yanmu na Kumasi da Ankara sukan aiko wa iyaye shadda da atamfa. Madalla, Allah ya yi albarka. To amma tsohon da za a ɗinka wa rigar, yaya yake kai kansa makewayi da asuba, an ɗauke wuta, siminti kuwa santsi kamar miyar kuɓewa?

A nan tsofaffinmu ke faɗuwa, ƙashin ƙugun tsoho kuwa ba ya ɗoruwa kamar na yaro. Gaskiya ne inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2003, ta yafe wa masu shekara 70 kuɗin shekara, amma ba ta sayen kujera.

Mu leƙa kasuwar Aboabo. Kujerar alwala ta kai tsayin gwiwa, domin tashi ne wahalar tsoho, ba zama ba. 'Yar gajerar nan ta tsakar gida a bar wa jikoki. In ta roba tana rawa, kafinta ya haɗa ta katako. A rataya tocila mai caji a bakin gado, a liƙa yankin tsohuwar taya a gindin sanda. Fo mai murfi da dare ma ba abin kunya ba ne.

Sai dai mun san halin iyayenmu, ba sa roƙo. Kada a ce, "Baba, ai kun tsufa." A ajiye kujerar kusa da buta, a yi shiru.