Littafin Girki Ma Littafi Ne

A kantar littattafan ɗan bokonmu za ka iske na addini da na siyasa da na adabi, amma da wuya ka ga na girki. Ana ganin girki abu ne da 'ya ke koya a gindin murhun uwarta. Haka abin yake a dā. Yau yarinya kan tafi makarantar kwana da ƙuruciya, ta wuce jami'a, ta yi aure a wani gari, kakar da ta san sirrin dambu da alkaki kuma ta rasu da saninta.

Magabata ba su raina wannan fanni ba. A ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara girke-girke sama da 600 na Bagadaza zamanin Abbasiyawa, kuma Nawal Nasrallah ta fassara littafin zuwa Turanci a 2007. Albarkacin alƙalaminsa aka san abin da halifofi ke ci shekara dubu da ta wuce.

Ga mai girkin gida, littattafai uku nake ba da shawara. Na farko Chop Chop na Ozoz Sokoh, wanda ya fito a 2025, ya kewaya sassan Nijeriya yana haɗa girki da tarihinsa. Na biyu My Everyday Lagos na Yewande Komolafe, na 2023, mai amfani ga wadda ke son ƙwarewa a abincin Kudu. Na uku The Fonio Cookbook na Pierre Thiam, ɗan Senegal, na 2019, wanda kacokan a kan acca yake. Accar da ake nomawa a Filato da Bauchi da Kudancin Kaduna, wadda wasunmu ke yi wa kallon abincin marasa lafiya, ita ya ɗaukaka a idon duniya.

Sai dai duk ukun da Turanci aka rubuta su, a waje aka buga su, kuma farashinsu ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Amma akwai darasi a cikinsu, wato awo. Tun 1896 littafin Fannie Farmer na Amurka ya yaɗa auna komai da kofi da cokali. Mu kuwa har yau "zuba daidai misali" muke cewa. Ƙwararriya ta san misalin, amarya ba ta sani ba, kanwa ta yi yawa, ɗanwake ya ɓaci.

Kirana ga marubutanmu mata da sassan koyar da tattalin gida shi ne su zauna da tsofaffi, su auna kuka da daddawa da kanwa da ludayi da gwangwanin madara, su gwada kowane girki sau da yawa kafin su buga shi da Hausa. Iyaye kuma, idan ana haɗa kayan ɗaki, a sa irin wannan littafi kusa da tukwane.