WASAN DA BABU SA'A A CIKINSA BA CACA BA NE



Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu. Da zarar an ga mutum biyu sun sa allo a gaba suna tura 'ya'ya, sai a yanke musu hukunci: 'yan caca ne, ko masu zaman kashe wando. Ludo da karta da dara duk an zuba su a kwando ɗaya. Wannan hukuncin ragwanci ne, kuma yau da shi nake.

Mu fara da Sudoku. Wani Ba'amurke mai suna Howard Garns ne ya fitar da shi a 1979. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, ya raɗa masa sunan da muka sani, sannan jaridar The Times ta Landan ta soma buga shi a 2004. Gidaje 81 ne da aka kasa unguwa tara. Ana cika su da lamba 1 zuwa 9, kuma kada lamba ta maimaitu a layin tsaye, ko na kwance, ko cikin unguwa ɗaya.

Asalinsa wasan mutum ɗaya ne, amma masu ƙirƙirar wasannin allo sun mayar da dokarsa fagen ƙwace ƙasa tsakanin mutum biyu. Kai da launinka, ni da nawa, muna ajiye lamba bi da bi. Wanda ya fi yawan gidaje a unguwa, shi ke da ita. Idan na ajiye 7 a gida ɗaya, na hana 7 shiga wasu gidaje 20. Na toshe ka, amma na toshe kaina ma. Wanda ya yi gaggawar mamaye unguwa ɗaya zai iya rufe wa kansa ƙofar unguwa uku.

To ina cacar take? Caca tana tsaye ne a kan sa'a da kuɗin da aka zuba. A nan babu ɗan ludo da za a kaɗa, babu katin da aka ɓoye. Komai yana fili. Idan an cinye ka, lissafinka ne ya gaza, ba ka da wanda za ka ɗora wa.

Masu cewa baƙon abu ne na Turawa, su tuna da Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi a hatimi har jimlar kowane layi ta zo daidai, ya kuma rasu a Alkahira a 1741. Su tuna da dararmu mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wadda tun wajen dasa 'ya'ya gwani yake kama wuri. Jera lamba da kame fili ba baƙinmu ba ne.

Za a ce yana cin lokaci, har ya sa a makara salla. Gaskiya ne zai iya, kamar yadda waya da kallon ƙwallo suke yi. Maganin wannan shi ne tarbiyya da sanin lokaci. Abin takaicin shi ne, muna korar yara daga gindin allo, alhali cacar gaske tana cikin aljihunsu, suna zuba kuɗin makaranta a kan wasan da ake bugawa a Ingila.

Kirana ga malaman firamare da sakandare: kwali ɗaya, da rula, da marafan lemo masu launi biyu sun isa. A rubuta lambobi a kan marafan, a zaunar da yara bibbiyu, a bar su su koyi hangen abin da zai biyo bayan abin da suka ajiye.

Mai ja ya fito ya nuna mana inda sa'a ta shiga wannan wasa. Fili naku ne.