Wasan Safar Hannu Mai Fitila: Nishaɗi da Ilmi a Tsakar Gida

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A da, da zarar an yi sallar lisha an ci tuwo, sai yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su cika dandali, 'yan mata na gaɗa, samari na langa, ƙanana na sauraren tatsuniya. Rashin tsaro ya rage wannan ƙwarai. Babu wanda ya manta da daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Uban da ya ga haka ya hana ɗansa fita da dare bai yi laifi ba. Amma hana yaro fita ba ya kashe masa son wasa, sai dai ya koma ya duƙufa a kan waya har barci ya sace shi. Saboda haka nake ganin muna bukatar wasan dare wanda za a yi a tsakar gida ko zauren taro na makaranta, kuma wasan safar hannu mai fitila ya dace da wannan gurbi.

Shi wannan wasa, mutum ne zai sa safar hannu wadda aka liƙa wa ɗan ƙwan fitila a kan kowane yatsa, a kashe wutar ɗaki, ya riƙa murza yatsunsa yana bin kiɗa, sai masu kallo su ga zobe da igiya da furanni na haske suna yawo a cikin duhu. Ya bunƙasa ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wani kamfani mai suna EmazingLights, wanda aka kafa a 2010, ya riƙa sayar da safar yana kuma shirya gasa. Amma asalin dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Duk yaron da ya taɓa zaro karan dawa daga murhu ya wulwula shi, ya ga yadda ɗan garwashin bakinsa ke zama da'ira. Dalili kuwa shi ne, gani yakan riƙe hoton haske na ɗan lokaci bayan hasken ya wuce. Bambancin kawai, kara yana iya tayar da gobara a danga ko rumbu, wannan ƙwai kuwa ba shi da harshen wuta.

Ƙwan da ake amfani da shi, wanda ake kira LED, shi ne irin na cikin tocilanmu da fitilunmu na caji. Wani injiniya Ba'amurke, Nick Holonyak, ya ƙera mai jan haske a 1962. Shuɗi kuwa ya daɗe yana gagarar masana, sai da wasu mutum 3 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ciwo kansa, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne aka samu farin da ya kori aci-balbal daga ɗakunanmu. Kun ga ke nan abin wasan yana ɗauke da darasin kimiyya.

Mai son farawa ba sai ya yi odar kaya daga waje ba. Ya nemi farar safar hannu ta auduga, da ƙwayaye daga wurin masu gyaran rediyo, da faffaɗan batiri mai kama da kwabo mai ƙarfin bolt 3, da salatif. Kowane ƙwai yana da ƙafa 2, doguwa da gajera. A cusa batirin tsakaninsu, doguwar ta taɓa gefen da ke da alamar tarawa. In bai kama ba, a juya batirin, domin wuta ta hanya ɗaya kaɗai take bi a cikinsa. Sai a naɗe da salatif, a tura shi cikin bakin yatsan safar. A fara da yatsa 2 a kowane hannu, in hannu ya faɗa a ƙara.

Kafin a kunna fitila ma, a fara koyon motsin da rana a gaban madubi. Darasin farko shi ne lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, sannan a buɗe su a jere. Na biyu, zana lamba 8 a iska da wuyan hannu. Minti 15 a kullum ya isa, domin sannu ba ta hana zuwa. Kiɗa kuwa, tafin ƙanne ko gangar makaranta sun wadatar.

Na san wasu iyaye za su ce wannan abu daga gidajen rawar Turawa ya fito, inda ake shaye-shaye. Gaskiya ne a can ya tashi, har ma wasu masu shirya irin waɗannan bukukuwa sun taɓa hana shiga da safar. To, amma ƙwallon ƙafa ma daga Ingila ta zo, muka ɗauki wasan muka bar musu mashayarsu. Wasu kuma za su ce ɓata lokaci ne. Yaron da ya haɗa fitila 10 da hannunsa ya fahimci yadda wutar lantarki ke zagayawa fiye da wanda ya haddace zanen allo, kuma watakila gobe shi ne mai gyara mana fitilar sola.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. Na ɗaya, kada a fita da safar bayan gari ko kan hanya da dare, domin a halin da yankinmu ya shiga, haske mai motsi a duhu yana iya firgita maƙwabta ko ya jawo zargin 'yan sintiri. Na biyu, a ɓoye batirin daga ƙananan yara, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙoshi cikin 'yan sa'o'i. In haka ta faru a garzaya asibiti nan take. Na uku, kada a haɗa ƙwan da wutar gida ko batirin babur. Na huɗu, kada a yi walƙiya da haske a idon mai ciwon farfaɗiya. Na biyar, sai an yi salla an gama aikin gida na makaranta.

Daga ƙarshe ina roƙon malamanmu na ƙungiyar kimiyya da ta wasan kwaikwayo su haɗa kai su gwada wannan abu a ranar ba da kyaututtuka, a rufe tagogin zaure da rana tsaka, iyaye su gani da idonsu su yanke hukunci. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, dandali ya sake cika, amin.