Guruf Ba Ƙungiya Ba Ne

Jama'ar Sabo, shugabannin ƙungiyarmu na ta bugun ƙirji wai mambobi sun ƙaru. A ina? A WhatsApp! An kwashi lambobin mutane an zuba a guruf ba a tambaye su ba, har da waɗanda suka koma Sakkwato tuntuni. Ranar taro kuwa benci biyu ba sa cika. A yi maganar kuɗin wata, sai kowa ya turo sitika.

Dattawan da ke tsaya wa yaranmu a caji ofis ƙaramar waya gare su, ba sa ma jin an kira taro. Haba!

Malam Sakatare, ɗauki littafin rajista ka bi shago-shago, daga Mokola har Shasha. Wanda ya biya, shi za a sa a guruf.