Masu Tonon Asirin Zanen Japan, Ina Hujjarku, Ina Kuma Na Gida?

Jama'a, musamman ku 'yan'uwa mazauna Kurmi, akwai wata gardama da ta shigo zangunanmu a 'yan shekarun nan, wadda ya kamata a tanka mata tun ba ta gagari kundila ba. Daga Agege zuwa Idi-Araba a Ikko, daga unguwar Sabo ta Badun zuwa ta Shagamu, za ka iske samarinmu sun duƙufa a kan wayoyinsu suna karanta waɗansu littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, waɗanda ake buɗewa daga dama zuwa hagu kamar ajami. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalinsu kuwa su ne na dodanni da tsafi da zub da jini. Ba su tsaya ga karatun ba, sai su kwana suna musu a kan wai kowane tambari da kowane suna da ke ciki yana ɗauke da wata ɓoyayyar ma'ana. A gefe guda kuma ga waɗansu dattawa da masu wa'azin waya, su ma sun yarda akwai ɓoyayyar ma'anar, sai dai su a wurinsu maƙarƙashiya ce aka ƙulla don a lalata mana 'ya'ya.

Duka ɓangarorin nan biyu cutarsu ɗaya ce, watau da'awar sanin abin da ke cikin zuciyar mai zane ba tare da hujja ba. Kuma yayin da suke wannan ja-in-ja a kan kayan mutane, namu na gida yana can yana salwanta.

Bari mu fara da samari. Littafin da suka fi tonawa shi ne Berserk, wanda Kentaro Miura ya fara zanawa a 1989, yana kai har ya rasu a watan Mayun 2021 bai kammala ba. Jarumin labarin, mai suna Guts, ya rasa hannu ɗaya aka sa masa na ƙarfe. To, a ƙasar Jamus an yi wani barde mai suna Götz von Berlichingen, wanda igwa ta fille masa hannu a 1504, shi ma aka ƙera masa na ƙarfe. Suna ya yi kama, hannu ya yi kama. Nan da nan masoya suka yanke hukunci cewa ai daga barden nan Miura ya ɗauko jaruminsa, aka yi ta yayatawa kamar karatun allo. Amma da aka tambayi mai abu, sai ya ce shi bai ma san da labarin barden ba sai bayan da ya riga ya ƙirƙiri nasa. Ga shi kuma na Jamus hannun dama ya rasa, na littafi kuwa na hagu. Kama da wane ba wane ba ne, in ji Hausawa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa duk abin da samarin nan suke tonowa ƙarya ne. Masu zanen Japan sun iya aro, kuma ba su ɓoyewa. A cikin Berserk ɗin nan akwai manyan shaiɗanu biyar, sunayen waɗansunsu kamar Ubik da Slan an ɗebo su ne daga sunayen ƙagaggun littattafan Turanci, wanda duk ya so ya je ya duba. Bala'in husufin rana da ke cikin labarin yana zuwa ne duk bayan shekara 216, kuma wanda ya iya lissafi ya san shida sau shida sau shida ke nan, saboda haka masu danganta shi da lamba 666 ta littafin Kirista suna da abin kamawa. A cikin Attack on Titan na Hajime Isayama, wanda aka buga daga 2009 zuwa 2021, asalin ƙattin da ke cin mutane ana kiranta Ymir, sunan nan kuwa na ƙaton farko ne a almarar mutanen arewacin Turai na dā. Ita ma kalmar da ke cikin sunan Tokyo Ghoul, asalinta Larabci ne, watau gul, dodon nan mai cin naman mutane da masu karatun Alfu Laila suka sani.

Irin wannan aro ba baƙo ba ne a wurinmu. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara cikin Jihar Neja ta yau a 1911, da ya zo rubuta Magana Jari Ce ya ɗebo daga Alfu Laila, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu riga da hula irin tamu har suka zama 'yan gida. Malaman jami'a sun bi sawun labaran nan sun nuna inda kowanne ya fito, ba da mafarki ko ƙiri-faɗi ba. Sun ɗauko littafin asali sun ajiye kusa da na Imam, kowa ya gani da idonsa. Wannan shi ne bincike. Wanda kuwa zai ce maka inuwar da ke bayan jarumi a shafi kaza ishara ce ga wani gunkin Masar, ka ce ina shaida ya ce ai a jikinsa ya ji, to, wannan camfi yake yi, ko da da Turanci ya yi shi.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya ga Dutsen Zuma kusa da Suleja, wanda ya hau takardar naira 100 a 1999. A jikinsa akwai abin da ya yi kama da fuskar mutum, da idanu da hanci da baki. Babu wanda ya sassaƙa ta. Ruwan sama da rana da iska ne suka yi aikinsu cikin ɗimbin shekaru, idon ɗan Adam kuma ya ƙarasa sauran, domin shi ido abin da ya saba gani shi yake nema. Rabin asiran da ake tonowa a cikin manga fuskar Zuma ce.

Yanzu sai mu juyo ga dattawa da masu wa'azin waya. Ranku ya daɗe, tsoron da kuke yi wa tarbiyyar 'ya'ya yana kan hanya, amma inda kuke nema ba nan ɓarawon yake ba. Wajen 2001 an yi ta baza ji-ta-ji-ta a ƙasashen Larabawa wai sunan wasan yaran nan Pokémon ma'anarsa ni Bayahude ne. Alhali kuwa taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci guda biyu masu nufin dodannin aljihu. Haka nan akwai wata alama mai kama da tambarin Hitler da akan gani a zanen Japan, mutane su firgita. Ita kuwa tsohuwar alamar addinin Buddha ce wadda ta girmi Hitler da ɗaruruwan shekaru, da ita ma ake nuna wuraren ibadarsu a taswira. Sa'ad da aka yi laifi na gaskiya, ai ba sai da aka yi duba aka gano shi ba. A 2008 an ga rubutun Alƙur'ani mai girma a cikin littafin da wani mugu yake karantawa a majigin JoJo's Bizarre Adventure, Musulmi suka yi magana, kamfanin Shueisha da abokan aikinsa suka nemi gafara suka dakatar da sayarwa.

Abin da ya kamata uba ya sani shi ne, Berserk da ire-irensa ba don yara aka yi su ba, ko a Japan a mujallar manya ake buga shi. Kisa da tsiraici da fyaɗe suna nan a fili a kan shafi, ba sa bukatar mai fassara. Uban da ya bar ɗa ɗan shekara 12 da wannan a waya, ya tafi neman tauraro mai kusurwa shida a kan kwalin alewa, ya bar jaki yana dukan taiki.

To, ga tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi. Su mutanen Japan, a ina suka samo rumbun dodannin da suke ɗiba har suna sayar wa duniya? A ƙauyukansu. A 1910 wani malami mai suna Yanagita Kunio ya buga labaran aljannu da dodanni na wani yankin karkara da ake kira Tono, kamar yadda wani ɗan wurin ya ba shi. Daga baya mai zane Mizuki Shigeru, wanda ya ji irin waɗannan labarai yana yaro daga bakin wata tsohuwa a garinsu Sakaiminato, ya mai da su zane, har garin ya keɓe titi guda da sunansa a 1993, baƙi suna tururuwa zuwa kallo. Dodannin da ake sarewa a cikin Demon Slayer, waɗanda suke kira oni, kakannin masu zanen sun san su tun kafin a ƙera injin ɗab'i a ƙasar.

Mu fa? Shekara ɗaya tak bayan littafin Tono, watau a 1911, aka fara buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i uku, kuma malamanmu ne suka rubuta ainihinsa da ajami. Kusan rana ɗaya muka tashi da su. Muna da Dodo, muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da macijin rijiyar Kusugu ta Daura, muna da Gandoki na Bello Kagara wanda ya tashi daga yaƙin Kwantagora ya faɗa ƙasar aljannu. Saurayin da ya haddace asalin Ymir, tambaye shi ma'anar dagin Arewa da ke ɗinke a ƙirjin rigarsa, sai ka ga yana sosa ƙeya. Maƙwabtanmu da muke zaune a garuruwansu ba su yi wannan barci ba. Roye Okupe, haifaffen Ikko, ya rubuta Iyanu bisa al'adun Yarbawa har aka mai da shi majigi a 2025, kuma shi ne ya rubuta Malika, wadda ya samo tushenta daga Sarauniya Amina ta Zazzau. Ba mu zarge shi ba, ya kyauta. Kunyar tamu ce.

Ɗauki Kuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Shiroro da ke kusa da Minna, ƙasar Gbagyi waɗanda mu Hausawa muke kira Gwarawa, ƙasar doya, inda madatsar ruwan nan mai ba da wutar lantarki take a kan kogin Kaduna tun 1990. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, kuma bayanin da suke bayarwa shi ne kai sarkin jiki ne, ba a ɗora wa sarki kaya. Ga alama, ga ma'anarta, ga kuma masu ita a raye da za a tambaya. Amma mu me muka yi da ita? Mun mai da ita abin barkwanci. Ladi Kwali, 'yar ƙabilar nan daga garin Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta yi ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya a jikin tukwanenta har ta rasu a 1984. Samarinmu nawa ne suka taɓa zama suka yi musu a kan dalilin da ya sa maginan tukwanen Gbagyi suka zaɓi waɗannan halittu?

Lokaci kuma ba ya jira. Ƙasar Shiroro ta sha wuya a hannun 'yan bindiga, har a watan Afrilun 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. Mutanen ƙauyuka da yawa sun tsere sun fake a Kuta. Tsohuwar da aka raba da ƙauyenta, aka raba ta da dutse da rafi da kukar da labaranta suke rataye a jikinsu, ba za ta daɗe tana ba da su ba, jikokinta kuma neman abin sawa a baka ya ɗauke musu hankali. Littafin Miura yana nan a ɗakunan ajiya na duniya, ko bayan shekara 100 ana iya tona shi. Abin da ke bakin tsohuwar Kuta, ranar da ta rufe ido ya tafi ke nan.

Wani zai ce ai waɗannan duk maguzanci ne, gara su ɓace. Amsa ita ce, rubuta abu daban, bauta masa daban. Malaman da suka rubuta wa Edgar tatsuniyoyi ba su bar salla ba, Imam ɗan gidan malamai ne kuma ya rubuta Ruwan Bagaja da aljannunsa. Wanda bai san abin da kakanninsa suka faɗa ba, shi ne yake saurin gaskata duk abin da aka faɗa masa a waya.

Saboda haka, samari, basirar nan taku ta bin sawun alama aba ce mai kyau, kada kowa ya kashe muku ita. Sai dai kafin ku yaɗa wani hasashe, ku tambayi kanku abu uku: shin mai zanen ya faɗa, shin yana nan a kan shafi, shin tarihin alamar ya yarda? In babu ko ɗaya, ku kira shi zato, kada ku kira shi ilmi. Sa'an nan in Allah Ya kai mu hutun Salla ko na Kirsimeti kuka hau mota zuwa gida, ko Kuta ne ko Kagara ko Daura, wayar nan da kuke karatu da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna gaban tsofaffi da ladabi, ku nemi izini, ku ɗauka, ku rubuta sunan gari da ranar da aka ba ku. Masu iya zane a cikinku su zana. Ku kuma iyaye da sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa, maimakon ƙwace waya, ku duba abin da ke cikinta, ku hana yaro abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, ku sa gasa da 'yar kyauta ga wanda ya fi kawo labarin garinsu da hujjarsa.

Allah Ya zaunar da ƙasar Shiroro lafiya, Ya mai da kowa gidansa, Ya sa mu gane, amin.