Wasiyya Ba Ta Kawo Ajali

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa, musamman na Jega da Aliero da Maiyama, a kan wata magana da ba mu son ji, amma ba makawa sai ta zo kan kowa. Maganar ita ce wasiyya, da kuma dokar da gwamnati ta yi game da bayar da sassan jikin ɗan Adam.

Ni dai karatuna a firamare ya tsaya. Da damina in noma gero da dawa, da rani in yi albasa, in kuma taɓa 'yar tireda a kasuwa. Amma ba na rabuwa da rediyo, kuma na sa 'yan makaranta sun karanta mini abin da dokar ta ƙunsa.

Tun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce ba a cire wa mai rai wani sashe na jikinsa sai an yi masa bayani ya gane ya kuma yarda. Ta hana a cire wa yaron da bai kai shekara 18 ba irin sashen da ba ya sake tsirowa, kamar ƙoda. Ta haramta saye da sayar da sassan jiki. Sa'an nan ta ba duk mai hankali dama ya rubuta a wasiyyarsa, ko a takarda gaban shaidu biyu, cewa ya yarda a yi amfani da wani sashe na jikinsa bayan ransa. A watan Maris na 2025 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙara fito da ƙa'idojin yadda asibitoci za su riƙa aikin dashe.

Wani zai ce wannan maganar mutanen birni ce, ina ruwan mai noman albasa? To, da ruwansa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma a farkon 2025 asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya yi nasa na farko. Daga Jega zuwa Sakkwato ai tafiyar safe ce. Ciwon ƙoda kuwa bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya wankin ƙoda ya san yadda abin ke cinye gona da shanu. Kuma kusan duk dashen da ake yi a ƙasar nan daga mai rai ake karɓar ƙodar, galibi ɗan'uwa na jini. Ke nan wata rana ana iya tambayar ɗanka ko ƙanenka, ko kai kanka.

Rashin sanin dokar nan talaka yake cuta. Mun ji abin da ya faru da Sanata Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8 saboda an kai wani saurayi ɗan shekara 21 Ingila domin a cire ƙodarsa a sa wa 'yar sanatan. Allah ya sa likitocin can suka ƙi yin aikin. Yaron nan ɗan talla ne a Legas, irin yaranmu da ke tafiya cin rani Kudu. Don haka kowane uba ya ja kunnen ɗansa: duk wanda ya ce zai kai ka ƙasar waje aiki amma sai an fara gwada jininka a ɓoye, ko ya ce zai sayi ƙodarka, ka guje shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ta fuskar addini, malamai sun yi saɓani. Akwai masu cewa jiki amana ce, ba naka ba ne balle ka bayar. Amma majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki sashe daga mamaci a ceci mai rai, da sharaɗin shi mamacin ya ba da izini kafin rasuwarsa, ko magadansa su bayar, kuma ba ciniki a ciki. Ni ba malami ba ne, ban ce kowa ya bayar ba, ban ce kada a bayar ba. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da na lura shi ne doka da malamai duk sun taru a kan abu ɗaya, wato izini. To, wanda bai taɓa buɗe baki ya faɗa wa iyalinsa ra'ayinsa ba, wa zai san izininsa?

A Ingila tun 2020 dokarsu ta ce baligin da bai nuna ƙin yarda ba, ana ɗauka ya yarda, ko da yake sai an tuntuɓi danginsa. Ina roƙon 'yan majalisarmu kada su kwaso mana irin wannan. A ƙauyen da yawancin mutane ba su taɓa jin labarin dokar ba, shirun mutum ba yarda ba ce.

Jama'a, mu duba yadda muke kasuwanci. Mutum zai ɗora albasa a mota daga Aliero zuwa Legas ko Onica, rabin kayan bashi ne, kuma duk da baki aka yi. Wani ya karɓi gona jingina, wani an ba shi ajiyar kuɗin adashi, wani ya ci bashin taki sai kaka. Matarsa ba ta sani ba, babban ɗansa bai sani ba. In ta Allah ta kasance a hanya, tun ba a watse daga zaman makoki ba masu bin bashi sun fara sallama, waɗanda ake bi kuwa sun yi tsit. Na sha ganin 'yan'uwa ciki ɗaya sun kai juna gaban alƙali a kan gonar da magana ɗaya daga bakin mahaifinsu za ta raba gardama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wai tsoro muke ji kada wasiyya ta jawo mutuwa. Haba jama'a! Ajali ba ya jiran takarda. Tun muna yara malamai ke karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da rubuta wasiyya ba da jinkiri ba, kuma sai an biya bashi an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kafin a raba gado.

Shawarata ita ce kowane magidanci ya samu takarda, in bai iya boko ba a rubuta da ajami. Ya sa wanda yake bi da wanda ke bin sa, da ajiyar mutane da ke hannunsa, da iyakar gonakinsa, da inda yake so a binne shi in ya rasu a kan tafiya. Ya sa ra'ayinsa a kan sassan jikinsa, i ko a'a. Ya kira mutum biyu adilai su shaida, sa'an nan ya zaunar da uwargida da manyan 'ya'ya ya faɗa musu da bakinsa. Mata ma haka, domin su ma suna da dukiya da bashi.

Daga ƙarshe ina kira ga ma'aikatar lafiya ta Jihar Kebbi ta fassara wannan doka da Hausa a riƙa karantawa a rediyo. Ina kuma roƙon iyayenmu hakimai da limaman Juma'a na masarautar Gwandu su sa baki. Allah ya sa mu cika da imani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.



Naku mai karatu kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Jega, Jihar Kebbi.